Abin da Ƙeyar Labbo Ta Faɗa

A Kashin Zama kowa na noman albasa, amma ba kowace albasa ce ake tambayar gidan da ta fito ba. Ta gidan su Jibrin ana tambaya. Ja ce wur, wuyanta a ɗaure, tana iya cin damina a rumbu ba ta yi ruwa ba. Mahaifinsu ne ya kafa irin, ya kuma bar musu yadda ake riƙe shi. Duk shekara in an cire albasa ta sha iska, sai a zube ta a inuwa a raba ta tsibi biyu. Wadda ta fi ja da tauri a kai ta tsibin iri, ba a sayar da ita ko da yunwa ta shigo gida. Saura a ɗura a buhu a kai kasuwa.

Tun da tsohon ya rasu, Labbo ke wannan zaɓe, don shi Allah Ya ba idon aikin. Jibrin shi ne wa, shi ke riƙe da gandu, shi ke magana da dillalai. Gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, tsohuwarsu Inno na zaune tsakaninsu. Jibrin ya daɗe yana cuɗanya da 'yan kasuwa, ya bi motar albasa daga Aliero har Kudu, an cuce shi ya gani, an so a cuce shi ya tsallake. Abin da yawon ya bar masa shi ne, da mutum ya fara yi masa dogon bayani, shi kuma sai ya fara lissafin inda za a ɓullo masa.

Ranar kasuwar Jega ya shiga neman tiyon ban-ruwa, sai ya ji an dafa kafaɗarsa. Ummaru ne, wani manomi na Mungadi can ƙasar Maiyama, wanda suka saba haɗuwa wurin masu taki.

"Malam Jibrin, ashe bana kun saki iri ba ku gaya muna ba?"

"Wane iri?"

"Na gidanku mana. Wurin Mukhtar na same ta, nan Firchin. Ina kwance bakin buhu na gane ta, ja kamar an rina. Na ce wagga ba ta miya ba ce, dasa ta za ni yi. Allah Ya saka da alheri, mun daɗe muna kwaɗayinta."

Jibrin ya yi murmushi ya ce amin. Bai sayi tiyon ba. Mukhtar dillali ne, shi ya kwashe albasarsu ta bana, kuma shi ne wan Salima, matar Labbo.

Da ya isa gida bai ko sha ruwa ba ya wuce rumbun iri ya yaye zana. Ya sa hannu ya jawo ɗaya, ya jawo wata, ya zurfafa har gwiwar hannu. Taurin yana nan, wuyan a ɗaure, amma launin ya gudu. Da fara-fara, da mai ruwan hoda, da ja ɗaya-ɗaya kamar wadda ta ɓata hanya ta shigo. Ya cika gaban rigarsa ya kai ya zube a gaban Labbo, wanda ke zaune a gindin darbejiya yana tufkar igiya.

"Mi ne wanga?"

Labbo ya ɗauki guda ya jujjuya, ya matsa wuyanta da babban yatsa. "Albasar iri ce, Yaya."

"Wane launi gare ta?"

Labbo ya kawo ta kusa da fuska, ya kau da kai gefe kamar kaza na duban shaho.

"Na faɗa maka tun kahin mu cire," in ji shi daga baya. "Na ce idona ba daidai yake ba. Ja da ba ja ba duk sun zamo mini kamar toka. Ka ce in bar raki, lokaci na tahiya."

Gaskiya ne ya faɗa. Jibrin ya tuna. Amma yanzu tunawar sai ta zame masa wata shaida. Wato tun kafin a cire albasa aka fara share fagen ƙarya, don in asiri ya tonu a ce ai an faɗa. Ya dubi idon ƙanensa. Fari tas, baƙin baƙi ƙirin, ba yana, ba hakiya, ba ko kwantsa. Shi ya san makafi. Idon makaho ana ganinsa daga nesa.

Jibrin ya juya ya bar wurin. Ya koma lura.

Labbo dai ya yi jinya a wannan shekara, tarin fuka ya kama shi, abin da gidan suka rufe ba su so a ji a gari, don kada a daina cin abinci da su. A asibiti an ce lalle wani na gida ya riƙa ba shi magani hannu da hannu kullum, Jibrin kuwa ya ɗauki wannan nauyi, bai taɓa fashi ba. To yanzu da safe in ya miƙa ƙwayoyin sai ya karkatar da hannunsa kaɗan ya ga abin da zai faru. Labbo ya lalubo ya karɓa. Ya ajiye galma a gicciye a ƙofar zaure, Labbo ya zo ya tsallake ta ko tsayawa bai yi ba. Wata rana ya jefo masa 'yar albasa daga gefe ba zato, Labbo ya goce, ta wuce ta bugi bango.

"Makahon gidanmu ya hi mai ido," in ji Jibrin.

"Yaya, ban ce maka ni makaho ne ba. Abin da ke gehe ina ganinai. Yanzu haka ina ganin akuyar can tana cin igiya. Amma in na dube ka sosai, fuskarka ce babu, sai hazo."

Jibrin ya yi dariya wadda ba ta kai ciki ba. A duk ƙaryar da ya ji a tashoshin mota bai taɓa jin mai rauni kamar wannan ba. A ce mutum yana ganin abin da bai duba ba, ba ya ganin abin da ya duba. Washegari ya ɗauko dagi ya fara haƙa ramuka a jere, daga bakin rijiya zuwa bayan madafa, inda za a kafa dirkokin darni a raba gidan biyu. Gona ma ya riga ya raba ta a zuciyarsa.

Inno ta fito da sandarta ta tsaya kan ramin farko. Ba ta faɗin sunansa, don ɗan fari ne.

"Kai, Babba, kabarin wa kake gina mini a tsakar gida?"

"Inno, wanda ya sayar da irin ubanai ga surukinai, ba ni cin tuwo ɗaya da shi."

"Ka gani da idonka?"

"Na ga rumbu."

"To, shi ma ya ce idonai. Kai ka yarda da naka ka ƙi nashi. Ka kai shi a duba. In sun ce ƙarya yake, ni da kaina za ni riƙe maka dirka."

A Jega, a wani ɗan asibitin ido cike da jama'a, malamin da ke duba marasa lafiya ya haska idon Labbo da tocila, ya leƙa da wani gilashi, ya daɗe yana leƙe. Ya tambaya ko yana shan wani magani. Akwai mutanen garinsu biyu a kan benci suna saurare, saboda haka Jibrin ya riga ƙanensa amsawa ya ce babu. Malamin ya ce shi dai bai ga komai a cikin ƙwayar idon ba. Jibrin ya fara gyara hula zai tashi.

"Amma wannan ba ya nufin lafiya," in ji malamin. "Akwai jijiyar da ke bayan ido, ba duk ciwonta ake gani daga waje ba. Ku je Sakkwato, babban asibiti. Suna da na'urar da ba ruwanta da abin da mutum ya ce. Ita ƙwaƙwalwa take tambaya, ba baki ba."

Wannan magana ta ƙarshe ce ta kai Jibrin Sakkwato. Ba magani ya je nema ba. Tun yana yaro yake fatan a ce akwai abin da za a sa wa mutum ya faɗi abin da ke cikinsa ba da yardarsa ba, ga shi ashe an ƙera. A mota ya riƙa satar kallon Labbo ya ga ko jikinsa zai yi sanyi. Labbo ya jingina kai da taga yana barci. Jibrin ya ce a ransa, har barcin ma na shiri ne.

Likitar mace ce, Raihanatu, ba ta kai shekarun Labbo ba, maganarta a hankali. Ta fara da wani littafi mai ɗige-ɗigen launi, tana tambayar Labbo abin da ya gani a ciki. Ya kasa. Jibrin ya yi gyaran murya.

"Likita, wanga duk ni ma ina iya cewa ban gani ba. Mu dai na'urar munka zo."

Ta ɗago ta dube shi, ta dubi Labbo, da alama ta fahimci abin da ya kawo su. "Za mu je gare ta, Baba. Ka biyo mu."

Ɗakin ƙarami ne, an rage haske. Aka zaunar da Labbo a kujera gaban wani allo kamar talabijin. Ta goge masa ƙeya da auduga, ta shafa wani abu mai danƙo ta manna 'yar waya, ta manna wata a goshi, wata a tsakar kai. Ta rufe masa ido ɗaya. Allon ya kawo gidaje baƙi da fari kamar zanen dara, suna musanya wuri, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi, ba tsayawa.

"Duk sanda gidajen nan suka juya," in ji ta, "ido na aika saƙo ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, can baya wajen ƙeya. Wayar nan na jin isowar saƙon. Tana gaya mini ya iso da wuri ko ya makara, ya iso da ƙarfi ko da kyar. Shi ba abin da zai ce. Ya dai tsai da ido tsakiyar allon."

"In ya ƙi dubawa fa? In ya kau da ido da gangan?"

"Zai iya dagula mini aikin, shi ya sa nake kallon idonsa. Kuma ba sau ɗaya zan yi ba."

"To, bari in taya ki."

Ya jawo kujera ya zauna gefen allon, ya kafa wa ƙanensa ido kamar mai gadin shanya. Labbo bai motsa ba. Hasken gidajen na wasa a fuskarsa, idon a buɗe yake, yana fuskantar inda aka ce. Aka gama da dama aka koma hagu, aka sake. Jibrin ya nemi inda zai kama shi bai samu ba.

Likita ta juyo da ɗaya allon, na gabanta. Wani layi ne kwance, ya yi ɗan tudu can gaba, marar tsayi, kamar kunyar da ruwa ya zaizaye. Ta nuna wani wuri da bakin biro.

"A nan ya kamata tudun ya tashi, kuma ya fi haka tsayi. Nasa ya makara, ya kuma zo a raunane. Duka ido biyun. Jijiyar ce ke da ciwo."

Jibrin ya daɗe yana kallon layin. Shi bai san inda ya kamata tudu ya tashi ba, ita ce ta faɗa. Kuma wa ya san abin da na'urar ke zanawa in an sa wa kowa?

"Likita, kada ki ji haushi. Ko buhu ba ni yarda da sikeli sai na ɗora abin da na san nauyinai. Ki sa mini."

Labbo ya sunkuyar da kai. Likita ta leƙa waje ta ga layin masu jira, sannan ta ce ya cire hula.

Danƙon na da sanyi a ƙeyarsa. Gidajen suka fara juyawa. Nan take dabara ta zo masa, ya ce bari ya gwada abin da yake zargi. Ya tsai da ido a kan allon amma a zuciyarsa yana ta nanata ban gani ba, ban gani ba, yana ƙin abin da dukan ƙarfinsa. Da aka gama ta ɗora layinsa a kan na Labbo. Nasa ya tashi tsaye, da wuri, da tsini, daidai wurin da ta nuna da biro ɗazu. Na Labbo na can baya yana jan ciki.

Ya gane abin ba sai an ƙara masa ba. Ya sha ganin haka a fadama. Rijiya da ruwa, inji na aiki, amma tiyo ya lanƙwashe a tsakiya, sai ruwan ya iso fangali a makare, ɗan tsirit. Mai tsayuwa bakin rijiya zai rantse komai lafiya.

"To, amma ya tsallake galma," in ji shi, murya ta sauka. "Na jehe shi da albasa ya goce."

"Ka jefe shi?"

"Ƙarama ce."

"Irin wannan ciwon tsakiyar gani yake fara ci, ya bar gefe. Kuma launi ne ke fara tafiya, musamman ja. Zai yi tafiyarsa bai yi tuntuɓe ba, amma ya kasa gane fuskar ɗansa." Ta juya wurin Labbo. "Na'urar ta nuna mini jijiya na ciwo, amma ba ta faɗin abin da ya jawo. Wannan sai mun bincika. Kana shan wani magani?"

Jibrin ya buɗe baki, kalmar da ya faɗa a Jega na kan harshensa.

"Na tarin fuka," in ji Labbo. "Kullum da sahe. Yaya ke ba ni."

Ta ajiye biron. Ta tambayi tun yaushe, ta tambayi yaushe ganin ya fara canzawa, ta tambaya ko sun koma sun faɗa. Ta ce a cikin haɗin maganin akwai guda da kan taɓa jijiyar ido ga wasu mutane, ba kowa ba, shi ya sa ake gargaɗi tun farko cewa da an ga canji a gani a dawo. Jibrin ya tuna da gargaɗin. Shi aka yi wa, yana tsaye riƙe da ledar maganin, hankalinsa na kan kada wani ɗan gari ya gan su a wannan layi.

"Zan haɗa ku da masu kula da tarin yau ɗin nan su canza masa," in ji ta. "Kada ku yanke maganin duka da kanku, tarin zai dawo. Sauran gwaje-gwaje kuma za mu yi, don kada ya zama wani abu ne daban."

"Ganin zai dawo?" Jibrin ne ya tambaya.

"Wasu yakan dawo a hankali, cikin watanni. Wasu rabi. Ba zan yi maka alkawari ba. Da kun zo tun farkon abin, da na fi sakin baki. Ku dawo in sake sa masa wayar, tudun zai nuna mana in jijiyar na farfaɗowa, wani lokaci tun kafin shi ya ji a jikinsa."

A hanyar dawowa Labbo bai yi barci ba. Da suka wuce Tambuwal, Jibrin ya juyo wurinsa.

"Mukhtar ya buɗe buhunan nan kahin ya ɗauka?" in ji Jibrin.

"Ya buɗe."

"Ya ga abin da ke ciki, ke nan. Shi idonai lahiya lau. Shekara nawa yana roƙon mu ba shi wagga albasa."

"Wataƙila ya zaci da saninmu ne."

"Wataƙila," in ji Jibrin, ya ajiye maganar inda zai same ta.

Sun iso ana kiran la'asar. Inno na zaune kan tabarma kusa da ramukan, da alama tun safe take nan. Ba ta tambaye su komai ba, fuskokinsu kawai ta duba. Jibrin ya yi salla, ya tuɓe rigar tafiya, ya ɗauko galma. Ya fara daga ramin bakin rijiya, yana turo ƙasa yana takewa da diddige.

"Babba, ba ka bari in riƙe maka dirkar?"

"Kada wani ya faɗa ciki," in ji shi, bai ɗago ba.

"Wa zai faɗa? Ai ka ce kowa na gani."

Jibrin ya ci gaba da turo ƙasa. Labbo ya zo ya tsuguna gefe yana tura ƙasa da hannu, yana kau da kai don ya hango bakin ramin. Da suka kai na ƙarshe, bayan madafa, Jibrin ya dogara da galma yana haki.

"Gobe in mun yi sammako muna isa Mungadi kahin rana ta yi zahi. Ummaru bai dasa ba tukuna. Zai ja muna rai, na san shi, amma ko kwando ɗaya ne mu samo."

"Ni mi za ni yi can, Yaya? Ba ni ganin ja."

"Kai ka taɓa wuya ka ji tauri, ni in duba launi. Ni ban iya naka ba." Ya take ƙasar da ƙafa har ta yi daidai da sauran tsakar gidan. "Kuma ka riƙe buhun da kanka. Ban yarda da Ummaru ba."